Kicin ɗinmu mita ɗaya da rabi ne: yadda waya da tef ɗin awo suka hana ni ɓarnar kuɗi a kan na'urori

Ranar da wayar jona wuta ta narke a kicin ɗinmu, ina falo ina fama da wani shafi da ya ƙi buɗewa a ƙananan wayoyin Android. Warin roba na fara ji, sannan na ji matata tana ƙwala mini kira. Da na je sai na tsaya a bakin ƙofa, domin kicin ɗin ba ya ɗaukar mutum biyu. Ekstenshin ɗin da muke jona komai a jikinsa ya yi baƙi ƙirin, gefe ɗaya ya lotsa kamar an ɗora masa dutsen guga, kuma tsakaninsa da tukunyar gas bai kai taku ɗaya ba. Ta riga ta kashe wutar daga bango. Allah Ya tsare, amma a daren nan ban yi barcin kirki ba.

Gidan haya ne, ciki da falo, a Kano. Faɗin kicin ɗin santimita 150, tsawonsa 220. Ƙofarsa ciki take buɗewa, kuma ba ta buɗewa duka saboda tana karo da firij. Soket ɗaya tak aka sa, shi ma a bayan ƙofa. Akwai dakalin siminti da aka yi a jikin bango ɗaya, da wurin wanke-wanke a ƙarshensa, da 'yar taga a sama. A nan aka jere kayan kicin na aure: setin tukwane uku, kuloli manya da ƙanana, farantai da kofuna na fita kunya, bilenda, butar lantarki, tukunyar dafa shinkafa ta lantarki. Duk wanda ya taɓa ganin jeren amarya ya san abin da nake nufi.

Washegari na yi abin da yawancinmu za mu yi. Na ɗauki waya na shiga shafukan cinikin intanet, na fara tara kaya a kwando: murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu wanda ake kira indokshin, na'urar suya da iska, wata kanta ta roba mai hawa huɗu, da sabon ekstenshin mai baki shida. Kuɗin da zan biya kuwa su ne waɗanda nake tarawa domin canza batirin kwamfutata, wadda da ita nake neman abinci, kuma ta kai matakin da idan aka ɗauke wuta ba ta minti ashirin. Na miƙa wa matata wayar ina jin na yi abin kai. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "To Injiniya, in an kawo su, a ina za ka ajiye su?"

Ban da amsa. Kuma abin kunyar shi ne, a wurin aikina na san wannan kuskuren sarai. Lokacin da nake koyon rubuta manhaja ni kaɗai, daga bidiyoyin YouTube da datar tsakar dare, na taɓa ɓata mako guda ina gyara wani ɓangare da nake zaton shi ne yake sa manhajata nauyi. Da na auna daga baya, ashe wani hoto ne guda ɗaya mai girman gaske yake cinye lokacin. Tun daga nan na koyi cewa ba a gyara abin da ba a auna ba. Sai ga shi a kicin ina shirin kashe kuɗi a kan zato. Na rufe shafin, na nemo tef ɗin awo.

Awo da waya, awo da tef

Akwai manhajojin da ke auna ɗaki da kyamara. Masu iPhone suna da Measure tun 2018, kuma daga iPhone 12 Pro zuwa sama, samfuran Pro suna da na'urar LiDAR da ke ƙara musu daidaito. A Android, Google ta daina tallafa wa tata manhajar Measure a 2021, amma akwai irin su AR Ruler a Play Store. Sharaɗin shi ne wayarka ta iya ɗaukar Google Play Services for AR, kuma yawancin ƙananan wayoyin da ke hannun mutanenmu ba sa cikin jerin. Idan ka nemi manhajar ka ga an ce ba ta dace da wayarka ba, kada ka wahalar da kanka da sauko da ita ta bayan fage, ba za ta yi aiki ba.

Tawa ta ɗauka, na gwada. Bango guda na auna sau uku: ta ba ni 148, ta ba ni 153, ta ba ni 151. Tef ya ce 150. A babban falo wannan bambancin ba komai ba ne. A kicin da kake lissafin ko firij mai faɗin santimita 55 zai shiga wani lungu, santimita uku su ne tsakanin ya shiga da ya ƙi. Farin bango mai santsi da ƙarancin haske suna rikita waɗannan manhajoji, kuma ƙananan kicin ɗinmu haka suke. Saboda haka shawarata ita ce ka bar waya ta yi maka zanen farko in kana so, amma duk lambar da za ka kai wa kafinta ko mai walda, daga tef ta fito. Ko na tela ma ya isa.

Abin da waya ta fi amfana mini a nan shi ne hoto. Na ɗauki kowane bango, na buɗe hoton a wurin gyara, na rubuta awon a kansa: tsayin dakali, nisan soket daga ƙasa, faɗin taga, inda ƙofa take kaiwa idan an buɗe ta. Duk inda na je kasuwa, kicin ɗin yana aljihuna. Sannan na yagi takarda mai gida-gida daga littafin lissafi, kowane gida na ɗauke shi santimita 10, na zana kicin ɗin, na yanka ƙananan takardu a matsayin firij, murhu, tukunyar gas da jarkar ruwa, muka dinga matsar da su a kan tabarma. Akwai Sweet Home 3D, kyauta ce a kwamfuta, na kuma gwada ta, amma gaskiya takardar ta fi sauri, kuma mu biyu muna iya sa hannu a lokaci guda.

Bidiyon da ya tona asiri

Awo yana nuna girman wuri, ba ya nuna yadda ake motsi a cikinsa. Don haka na roƙi izinin matata, na ɗaure waya a saman ƙofa, na kunna yanayin Time-lapse na kyamara, wanda yake matse awa guda zuwa 'yan daƙiƙu ko mintuna, ta yi girkin dare kamar kullum: tuwon shinkafa miyar kuɓewa. Idan za ka yi wannan, ka fara neman yardar mai girkin, ka kashe turawa ta kai tsaye zuwa Google Photos ko iCloud kafin ka fara, ka kuma goge bidiyon da zarar kun gama ƙirga. Bidiyon cikin gida ba abin bari a waya ba ne.

Muka zauna muka kalla. Sau 14 ta fita daga kicin a girki ɗaya. Jarkar ruwa tana waje, domin famfo ba kullum yake kawowa ba, kuma babu inda za a ajiye ta a ciki. Buhun shinkafa da galan ɗin mai suna lungun falo. Albasa da attarugu a faranti take yanka su a tsugune a bakin ƙofa, saboda dakalin cike yake da tukwanen da ba a taɓa ɗora su a wuta ba. Duk buɗe firij sai ta rufe ƙofar kicin, duk fita sai ta rufe firij. Da tuƙin tuwo ya zo kuwa, sai ta sauke tukunyar ƙasa da tsumma, ta tuƙa, ta sake ɗorawa. Tukunyar tuwo mai tafasa, a wurin da mutum ba ya iya ja da baya taku biyu.

Na juyo ina shirin yi mata bayanin abin da na gano, ta ce, "Ai duk na faɗa maka tun watan da muka tare." Haka ne kuwa. Bidiyon bai koya mata komai ba, ni ya koya wa.

Daga baya na gane cewa wannan dabarar ta kusa shekara ɗari. A 1926, wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara kicin domin gidajen ma'aikata da ake ginawa a birnin Frankfurt na Jamus. Faɗinsa mita 1.9, tsawonsa mita 3.4. Ta yi nazarin takun mai girki da lokacin da kowane aiki yake ci, ta kuma ɗauki darasi daga kicin ɗin jirgin ƙasa, inda ake ciyar da fasinjoji da yawa daga ɗan matsattsen wuri. An girka kusan 10,000 irinsa. Amma ita ma ta sha suka: mutum ɗaya kawai yake ɗauka, kuma ma'ajiyan kayan abinci da ta sa wa sunaye tun daga masana'anta, matan gidajen sun dinga zuba abin da suka ga dama a ciki. Wato ko ƙwararriya ta tsara, mai girkin ce take da maganar ƙarshe.

A shekarun 1940 kuma, masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka suka fito da abin da ake kira kusurwa uku ta aiki: murhu, wurin wanke-wanke, da firij, kowane biyu kada nisansu ya gaza mita 1.2 ko ya wuce 2.7. Za ka ga wannan a kusan duk bidiyon tsara kicin. Sai dai an gina shi ne a kan gidan da famfo ba ya ɗaukewa, firij kuma cike yake da kayan girki dare da rana. A bidiyonmu sau biyu kawai aka buɗe firij. Abubuwa ukun da matata take zagayawa a tsakaninsu su ne wuta, ruwa, da wurin yanka. Biyu daga cikinsu ba sa ma cikin kicin ɗin, firij ɗin da ba a cika buƙata ba kuma ya tare kusan kashi ɗaya cikin goma na filin, ya kuma hana ƙofa buɗewa.

Dakali shi ne RAM

Duk mai waya ya san bambancin RAM da ma'adana. Ma'adana wurin ajiya ce, RAM kuwa wurin aiki ne, kuma idan manhajojin da ba ka amfani da su suka cika shi, wayar sai ta dinga sanƙarewa ko da ma'adanarta fanko ce. Dakalin kicin da duk inda hannu yake kaiwa ba tare da miƙewa ko durƙuso ba, su ne RAM. Namu kuwa an mai da shi sito.

Na buɗe Google Sheets a wayarta, muka rubuta duk abin da ke kicin ɗin, har da ludayi da mara da maburgi. Abu 63 muka ƙirga. Mako biyu, duk abin da aka taɓa sai ta sa masa alama. A ƙarshe 17 ne ake taɓawa kusan kullum: tukwane biyu, kasko ɗaya, muciya, ludayi, wuƙa, rariya, buta, farantai huɗu, da gwangwanayen gishiri, magi, yaji da sauransu. Wasu kamar madambaci da tandar waina sai ƙarshen mako. Fiye da 30 kuwa ko sau ɗaya ba a ɗaga su ba.

A nan lissafi ya ƙare, siyasa ta fara. Waɗannan talatin ɗin ba tarkace ba ne, kayan aure ne. Iyaye sun yi shekaru suna tara su, gwaggwanni sun zo sun jera su da hannunsu, kuma idan Umma ta kawo ziyara ta leƙa kicin ta ga babu su, ba takardar Google Sheets za ka nuna mata ba. Ni na yi shiru a wannan gaɓar, matata ce ta yanke hukunci. Setin kuloli mafi kyau ya koma falo cikin kabad mai gilashi, inda kowa zai gan shi fiye da da. Setin tukwane biyu aka sa ƙarami cikin babba aka mayar kwalayensu, suka hau saman durowar ɗaki, ta rubuta abin da ke ciki a jikin kowane kwali. Ba a sayar da komai ba, ba a kyautar da komai ba. Da Umma ta zo, kulolin falon ta fara yabawa.

Abin da muka matsar kafin mu sayi komai

Firij ya fita zuwa lungun da ke tsakanin kicin da falo, inda buhun shinkafa yake a da. Ya samu soket nasa, ya yi nesa da zafin murhu, muka kuma bar masa tazarar 'yan santimita a baya domin iska ta zagaya, abin da a da ba shi da shi. Idan naka ba shi da inda zai je, duba samansa: firij da yawa ana iya juya ƙofarsu ta buɗe ta ɗaya gefen, za ka ga ramukan a rufe da 'yan robobi.

Ƙofar kicin kuwa, na je na sami mai gidan, na ce, "Baba, ina neman izini in cire ƙofar kicin in ajiye, ranar da za mu tashi in mayar." Ya yi dariya ya ce in dai ba zan fasa bango ba, in yi. Kafinta ya kwance ta cikin minti goma, muka jingine ta a bayan durowa, muka sa labule gajere mara nauyi, a gefen da ya fi nisa da wuta. Masu yara ƙanana kada su kwaikwaye mu a nan. Su gara a juya ƙofar ta dinga buɗewa waje, ko a sa rabin ƙofa mai sakata.

Gurbin firij ya zama na ruwa. Mai walda ya yi mana 'yar kujerar ƙarfe, muka ɗora bokiti mai famfo a jiki, shinkafa da galan ɗin mai suka shige ƙarƙashinta. Kafinta ya yanka katako daidai bakin wurin wanke-wanke, idan ba a wanki sai a rufe da shi ya zama wurin yanka. Wannan katakon, a cikin duk abin da muka yi, shi ne mafi araha kuma shi ta fi yabawa.

Sai batun tuwo. Dakalinmu santimita 90 ne, wanda shi ne tsayin da aka saba yi. Ɗora murhun gas na kan tebur, ya ƙara kusan 10. Ɗora tukunya, ta ƙara kusan 20. Bakin tukunya ya kai 120 ke nan, sama da gwiwar hannun matata. Miya za ta juyu a haka, amma tuwo ƙarfin kafaɗa yake so, sai kana danna muciya daga sama. Wanda ya tsara tsayin 90 ba da tuwo ya yi lissafi ba. Mai waldar ya yi mana teburin ƙarfe mai tsayin 65, mai faɗin ƙafafu don kada ya yi rawa, murhun ya sauko kansa. Tun daga ranar ba a sake sauke tukunya mai zafi ƙasa ba. Kafin ka ba da awo, sa mai girkin ta tsaya, ka auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, ka tabbata bakin babbar tukunya yana ƙasa da nan.

Na yi kurakurai biyu a bango. Na sayi maratayai masu manne da gam, suka yi kyau har zafin watan Afrilu ya shigo, sai suka fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ma da tsakar dare da ludayi a jikinsa. Muka koma sandar ƙarfe da aka kafa da ƙusoshi. Sannan na sa kantar kayan ƙamshi daidai saman murhu saboda a zane ta yi kyau a nan. Cikin mako guda tururi ya dunƙule gishiri da yaji, kuma duk ɗaukar abu sai an miƙa hannu ta kan wuta. Ta koma gefe. Zurfinta santimita 15 kawai, gwangwani ɗaya a jere, babu abin da ke ɓuya a bayan wani.

Lissafin da ya narkar da ekstenshin

Wannan ɓangaren nake so kowa ya riƙe, ko da bai taɓa komai a kicin ɗinsa ba. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Idan ka ninka ta da lambar da ke jikin soket ko ekstenshin, wadda ake rubutawa da harafin A, za ka samu iyakar abin da zai ɗauka. Soket ɗin bango mai 13A yana ɗaukar kusan wat 3,000. Da na juya namu ekstenshin da ya ƙone, 10A aka rubuta, wato wat 2,300. Sai na bi kayan ɗaya bayan ɗaya, domin kowace na'ura tana da lamba mai harafin W a gindinta ko a bayanta. Buta 2,000. Tukunyar shinkafa 700. Ga firij a kai, wanda duk lokacin da injinsa zai tashi yake jan wuta ninkin abin da ya saba. An wuce iyaka tun kafin a ƙirga firij. Kuma masu araha da yawa, in ka yanka wayarsu, za ka ga silin tagullar ciki bai kai abin da aka rubuta a jiki ba.

Sabon ekstenshin mai baki shida da na sa a kwando ba zai magance komai ba, sai ma ya ba mu damar jona ƙarin kaya. Yawan baki ba ya ƙara ƙarfi. Duk abin da ke samar da zafi, buta ne, hita ne, murhun lantarki ne, soket ɗin bango ya kamata ya shiga kai tsaye, kuma ɗaya bayan ɗaya. Da izinin mai gida muka kira mai aikin wuta ya ƙara soket a saman dakali da waya mai kaurin 2.5, nesa da ruwa, nesa da gas. Wannan ba aikin koyo daga YouTube ba ne, ni da na koyi sana'ata a can nake faɗa.

Tukunyar gas ɗinmu mai kilo 12.5 ta koma ƙarshen kicin ta gefen mashiga, a tsaye, inda iska take wucewa, ba a cikin rufaffen kabad ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka 'yar tagar sama ba ta fitar da shi da sauri. Shi ya sa na'urar jin warin gas ake kafa ta kusa da ƙasa, ba a silin ba. Na sayi ɗaya, amma ga abin da mai shago ba zai gaya maka ba: yawancinsu a soket suke aiki, idan NEPA ta ɗauke sun mutu. Don haka ba mu daina rufe kan tukunya da dare ba, kuma duk sabon ɗuri muna shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo. In ta yi ƙwai, akwai tsiyaya. Wanda kuma yake komawa gawayi idan gas ya yi tsada, ya fitar da kurfoti tsakar gida. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗan wuri yana kisa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Kayan kwandon nan fa?

Murhun indokshin ya burge ni saboda siriri ne, ana iya jingine shi a bango bayan girki. Amma sai tukunyar da maganaɗisu yake kamawa. Na ciro maganaɗisu daga wata tsohuwar sifika na bi tukwanenmu: biyun da ake girki da su kullum na alminiyam ne, ko alama bai kama ba. Ga shi mai baki ɗaya yana jan kusan wat 2,000, ƙaramin janareton nan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗaga shi ba, ƙaramar inbata ma haka. Wato zan sayi murhu, in sayi sababbin tukwane, in kuma ci gaba da riƙe gas saboda ranar da babu wuta. Wurin da nake nema in rage sai ya ƙaru. Ga wanda unguwarsu ke samun wuta sosai kuma ba ya son gas a ɗaki ɗaya, zai iya zama alheri. A gidanmu dai bai ci jarrabawa ba. Na'urar suya da iska kuwa za ta cinye kusan santimita 30 a kowane gefe na dakalin da muka sha wahala kafin mu kwashe, don abin da ba za a yi ba sai jefi-jefi. Kantar roba mai hawa huɗu, da na duba awonta a kan hotunan da ke wayata, ko ta gefe ba za ta shiga ba.

Abin da na saya ƙanana ne. Na farko fitila. Ƙwan kicin ɗin yana tsakiyar silin, wato bayan mai girki, inuwarta ce take faɗawa kan abin da take yankawa. Na sauko da manhajar auna haske, wadda ke amfani da ɗan idon da ke saman fuskar waya. Ba ta da cikakken daidaito, amma ta nuna mini cewa hasken kan dakali yana faɗuwa ƙasa da rabi da zarar mutum ya tsaya a gabansa. Na manna zirin fitilar LED mai bakin USB a ƙarƙashin kanta, na ƙara ɗaure shi da 'yan ƙusoshi tunda na riga na san halin gam, na jona shi da tsohuwar fawa bank. Ko an ɗauke wuta ana ganin wuƙa, an kuma daina riƙe tocilan waya da haɓa.

Na biyu ɗan ma'aunin rataye, irin na auna jakar matafiya. A jikin tukunyar gas an buga nauyinta na fanko, galibi bayan haruffan TW. Ka rataya ta, ka cire wannan lambar, abin da ya rage shi ne gas ɗinka. Yana kuma nuna maka ko an cika maka daidai a wurin ɗuri. Na uku mariƙin waya da na kafa a bangon da ya fi nisa da murhu, daidai tsayin ido. A da a kan dakali take jingine wayar da gwangwanin madara idan tana bin wani girki a bidiyo, mai yana fantsamar mata. Batiri ba ya son zafi. Apple ma ta ce tsakanin digiri 0 zuwa 35 aka yi wayoyinta su yi aiki, kuma kicin a Kano da rana ya kan wuce haka ko ba a kunna wuta ba. Daga can nesa tana iya ce wa Google Assistant ya sa mata ƙararrawar minti ashirin ba tare da ta taɓa fuskar wayar da hannun ƙullu ba.

Bayan wata guda na sake ɗaure waya a inda ƙofa take a da, aka sake tuwo miyar kuɓewa. Sau uku ta fita: biyu zuwa firij, ɗaya zuwa turmi, wanda har yanzu yana waje, can kuma zai zauna, domin ba a daka a kan tayil. Sauran kuɗin sun isa batirin kwamfuta, da shi nake rubuta wannan yanzu babu wuta. Abin da ya rage mana shi ne hayaƙin suya, wanda tunda ƙofa ta fita ya samu hanyar falo. Maganinsa fankar zuƙe iska a jikin bango, ita kuma sai an huda rami, kuma Baba ya riga ya faɗi sharaɗinsa. Na auna tagar: santimita 40 ce, akwai fanka mai 30 da za ta zauna a jikin katako a cikinta ba tare da an taɓa bulo ba. Kafinta ya ce zai zo ranar Asabar.